Tambaya da amsa: me ya sa tanif ɗin shawarmata ya yi luguf?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Duk sanda maigida ya sayo mana shawarma a wurin wasu 'yan Lebanon, sai in tarar da wani abu mai ruwan hoda a ciki, ga tsami ga gishiri, yana ƙaras-ƙaras a baki. Da na tambaya aka ce tanif ne (turnip, wani kayan lambu mai saiwa) aka jiƙa. Na nemo shi, na yanka, na ɗan tafasa, na zuba a roba da khal da ɗan gishiri da kalar abinci, na ajiye a kicin. Bayan kwana huɗu na buɗe na tarar ya yi luguf, ruwan yana yauƙi, ga wari. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai, wancan na robar ki zubar, kada ko ɗanɗanawa ki yi. Duk abin jiƙo da ruwansa ya yi yauƙi ya tashi daga aiki.

Abin da kika ci a shawarmar sunansa kabis a bakin mutanen Lebanon, cikakken sunan kuwa kabis lift, domin lift shi ne tanif da Larabci. Yana cikin abin da suke kira mune, wato tanadin abincin da gidajen ƙauyukansu ke yi kafin sanyi ya shigo: zaitun, busasshen ɓaure, ƙananan gauta da ake cusa wa gyaɗar walnut, da kwalaben kabis jere a ɗaki mai sanyi. Ki riƙe wannan maganar ta ɗaki mai sanyi, za mu dawo kanta.

Kuskurenki uku ne, kuma tafasawar ce babba. Ɗanye ake jiƙa tanif. Da zarar ya ji wuta jikinsa ya saki, babu khal ɗin da zai dawo masa da ƙarfi. Na biyu, gishirin ya yi kaɗan. A wannan aiki gishiri ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba, shi ke zuƙe ruwan jikin tanif ya bar shi da tauri, shi ke kuma hana ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci sakat. Na uku kicin ne. Ba na jin akwai wurin da ya kai kicin ɗinmu zafi a gida, balle a watan Afrilu.

Kalar abinci kuwa ba ta cikin lissafi sam. Launin daga bitrut (beetroot, wata saiwa ja jawur) yake fitowa, ɗan ƙaramin guda ɗaya ya isa ya rina kwalba guda. Ranar farko za ki ga ruwan ya yi ja jawur, tanif ɗin na nan fari fat kamar babu abin da ya same shi. Kwana biyu gefe-gefensa ya fara ɗauka. Zuwa kwana biyar in kika karya guda za ki ga launin ya ratsa har tsakiya. Wannan shi ne agogonki: in tsakiyar na da fari, da saura.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi. Tanif kilo 1, ƙaramin bitrut 1, tafarnuwa ƙwaya 3 ko 4, ruwa mililita 750 (ledar fiya wata ɗaya da rabi ke nan), farin khal mililita 250, gishiri giram 50 zuwa 55, wajen babban cokali 3 a shafe. Ki duba jikin kwalbar khal ɗin ki tabbata an rubuta kashi 5 cikin ɗari. Wanda bai kai haka ba ba zai ba da tsamin da ke tsare abinci ba, kuma kada ki rage shi don ganin ya yi yawa. Mai son yaji ta jefa barkono ɗaya, ta tsaga shi kaɗan.

Wajen saye ne mata da yawa ke faɗuwa tun kafin su iso gida. Ido na son babba, amma babban tanif sau da yawa cikinsa kamar soso yake, ga ɗaci, ga zare. Ki zaɓi matsakaici, kamar girman lemon zaƙi ko ƙasa da haka, fari mai shunayya a kai, wanda in kika ɗaga kika ji nauyi, in kika danna da babban yatsa bai lotsa ba. Shukar sanyi ce, don haka a lokacin hunturu ya fi kyau, kuma lokacin ne ma ya fi dacewa da jiƙon.

Ki wanke, ki fere, ki yanka tsaye-tsaye kamar dankalin suya, kaurin ɗan yatsa. In kika yi siriri zai yi saurin laushi. Bitrut ɗin ma ɗanye, a fere a yanka gida huɗu ko biyar. Ki shafa ɗan mai a hannu in ba ki son fita unguwa da jan lalle. Ki tafasa ruwan, ki narkar da gishirin a ciki, sannan ki bar shi ya huce sarai kafin ki zuba khal. Sarai na ce, ba ɗumi-ɗumi ba.

Kwalbar gilashi ake so, tsohuwar kwalbar bama ma ta yi, in dai an wanke ta an ɗauraye da ruwan zafi ta bushe. Ki guji tukunyar alminiyam, tsami na cin ta. Ki sa bitrut a ƙasa da tsakiya, ki shirya tanif ɗin a matse, ki zuba ruwan har ya shanye kansa. Duk guntun da ya leƙo sama shi ne ƙofar fumfuna, don haka ki danne da ganyen kabeji ko ƙaramar leda mai tsabta da kika ɗaure ruwa a ciki. In murfin ƙarfe ne ki shimfiɗa leda a bakin kwalbar kafin ki rufe, saboda tsatsa.

Yanzu batun ɗaki mai sanyi. A inda aka saba yinsa akan bar shi kwana 5 zuwa 7 a waje, amma wannan lissafin wurin da zafi bai wuce digiri 20 zuwa 22 ba ne. A hunturu za ki iya bin haka, ki ajiye a lungun da rana ba ta kai wa. In zafi ne, kwana 2 kacal, sai firij, ya ƙarasa nuna a can cikin mako guda. Ya fi jinkiri, amma ƙaras-ƙaras ɗin da kike nema a nan yake. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki yi rabin kilo, abin da za a cinye da wuri. A firij mai aiki yana kai wata guda lafiya, sai dai launin na dusashewa, jikin na sakewa a hankali.

Akwai masu yi da ruwan gishiri zalla, kamar giram 45 a lita, su bar shi ya yi tsami da kansa cikin mako biyu. Ƙwayoyin da ke yin wannan aiki dangin waɗanda ke tsamar da kindirmo ne. Ruwan kan yi duhu-duhu, yana kumfa, sai an riƙa sassauta murfi. Ni na fi son ɗanɗanonsa, amma ba zan ba ki shawarar farawa da shi ba a yanayinmu. Ki ƙware a na khal tukuna.

Abu biyu kada su tsorata ki. In kika buɗe kwalba kika ji wani ɗan tashi kamar na kabeji, halinsa ne, danginsu ɗaya, minti kaɗan zai wuce. Tafarnuwa kuma wani lokaci takan koma shuɗi-shuɗi ko kore a cikin tsami, ba ta lalace ba. Abin gudu shi ne fumfuna mai gashi-gashi, yauƙi, da warin ruɓa.

In tanif ya yi wuyar samu, farin radish mai tsawo na karɓar wannan ma'auni daidai, haka farin kabeji (cauliflower) da kabeji, duk 'yan Lebanon na rina su da bitrut. Da cokali mai tsabta kuma busasshe za ki riƙa ɗiba, ban da hannu. Bayan shawarma da falafel, ki gwada shi kusa da gasasshiyar kaza ko tsire, tsamin na yanke maiƙo. In akwai mai hawan jini a gidan, ki ɗauraye masa nasa da ruwa, kuma guda biyu ko uku sun ishe shi.