Ɗana ya cika shekara 21, takardarsa ta mutu ke nan?

Tambaya: Ina da katin zaman dindindin a Amurka. Na shigar wa ɗana takardar I-130 (ta nema wa dangi bizar zama a Amurka) yana ɗan shekara 19, yanzu ya haura 21 biza ba ta fito ba. Ina mafita?
Wata uwa daga Niyok

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Dokar CSPA ta 2002, mai kare matsayin yaran da shekarunsu suka wuce suna jiran biza, tana da nata lissafin: shekarunsa a ranar da biza ta samu a rukuninsa, a debe tsawon lokacin da takardar ta yi kafin a amince da ita. Idan yana da 22 ranar, takardar kuma ta shekara biyu tana jira, a idon doka ɗan 20 ne, yana nan a rukunin F2A (na ma'aurata da 'ya'yan masu katin zama, marasa aure da ba su kai 21 ba). Sai dai dole ya nemi bizar cikin shekara guda da samuwarta, misali ya cike fom ɗin neman biza na DS-260. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

In lissafin ya kai 21 ko ya haura, takardar za ta koma F2B (rukunin 'ya'ya marasa aure masu 21 zuwa sama) da ranar da ta shiga layi tun asali. Jiran dai ya fi tsawo, shekaru ne.

Abin da ya fi kashe takarda shi ne aure. Muddin ke ba 'yar ƙasa ba ce, ranar da aka ɗaura masa aure takardar ta rushe, kuma ɓoyewa zamba ce. In kin zama 'yar ƙasa tukuna, auren zai mayar da shi F3 ne kawai (rukunin 'ya'yan 'yan ƙasa masu aure). A riƙa duba jadawalin biza (Visa Bulletin) da gwamnatin Amurka ke fitarwa kowane wata.