Amsa ga mai tambaya kan farkon koyar da kiɗan jaz a makaranta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji muryarka, kana tambaya wai yaushe aka fara koyar da kiɗan jaz a aji, da malami da jarrabawa, ka ce an gaya maka Berklee, makarantar kiɗan nan ta Amurka, ce ta fara. To, ba ita ba ce.

Ka ga, kiɗan na baƙaƙen fatan Amurka ne, amma babbar makarantar kiɗa da ta fara buɗe masa aji a Jamus take, birnin Frankfurt, makarantar Hoch, shekarar 1928. Shugabanta Bernhard Sekles ne ya kawo tsarin, ya ɗora wani matashi ɗan Hungary, Mátyás Seiber, ya riƙe ajin. An yi ta ce-ce-ku-ce, wai ya za a shigo da wannan kiɗa inda ake karanta kiɗan manyan makaɗan Turai na da, irin su Bach da Beethoven. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 suka rufe ajin, suka sallami Sekles, shi kuwa Seiber ya ƙare a Ingila.

Ita Berklee sai 1945 Lawrence Berk ya kafa ta a Boston, da sunan Schillinger House, wannan sunan da ka sani kuma 1954 ta same shi. Sannan kwalejin North Texas ta fara digirin wannan kiɗa wajen 1947, amma ko kalmar jaz ba su yarda sun sa ba, kiɗan rawa suka kira shi. Abin da ya cika ajujuwan nan, sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu ne, gwamnati na biya musu kuɗin makaranta.

To ga inda abin ke ci mini rai. Lokacin da North Texas ta fara wannan digiri, ba ta ɗaukar ɗalibi baƙar fata, sai tsakiyar shekarun 1950. Masu kiɗan suna waje kenan. Alhali tun kafin nan malamai baƙaƙen fata suna ta aikin a sakandaren unguwanninsu. Jimmie Lunceford malami ne a makarantar Manassas a Memphis, a 1927 ya haɗa ɗalibansa suka zama ƙungiyar da daga baya ta shahara a duk Amurka. A Chicago kuwa akwai Kyaftin Walter Dyett, wanda ya koyar da kiɗa a sakandaren Wendell Phillips da ta DuSable kusan shekara 30. Mutum ne mai tsanani, ba ya ɗaga ƙafa ga yaron da ya yi wasa da atisaye. Shahararrun mawaƙa da makaɗa irin su Nat King Cole, Dinah Washington, Gene Ammons, Johnny Griffin, duk ta hannunsa suka bi. Yana koya musu karanta rubutun kiɗa da busa tare da jama'a, dare ya yi su je gidajen rawa na kudancin birnin su ƙarasa koyo wurin manya.

Don haka in za ka rubuta aikinka, ƙanena, don Allah ka sa Dyett da Lunceford kafin ka zo kan Boston. Wassalam.