Ku Tambayi Lauya: Na karɓi kuɗi a kan waƙata, na sayar da ita ke nan?

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Ni mawaƙi ne a Kano. Shekara uku da suka wuce wani furodusa ya ji wata waƙar soyayya da na yi, ya ce yana so ya sa ta a fim ɗinsa. Ya turo mini naira 40,000 ta banki, muka yi musabaha, ba mu rubuta komai ba. Fim ya fito, waƙa ta karɓu. Yanzu ya yanke ta daga fim ɗin ya ɗora a tasharsa ta YouTube da hoton jarumin da ya hau kanta, ko sunana babu. Da na ɗora ta a tawa tashar sai aka sauke, wai shi ne mai ita. Na kira shi ya ce ai ya saya. Ina da abin yi, ko in bar wa Allah?
Daga wani mawaƙi, Kano.

AMSA: Ƙanena, kowa ma ga Allah yake barin lamarinsa, amma wannan bai hana mutum bin haƙƙinsa ba, kuma kana da haƙƙi a nan.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Abin da ta ce a kan irin matsalarka a fili yake: sayar da haƙƙin mallaka, ko ba wani izinin da zai zama shi kaɗai ne mai amfani da aikin, ba ya tabbata sai a rubuce. Izinin amfani na yau da kullum kuwa, wanda bai hana mai abu ci gaba da morar abinsa ba, ana iya bayar da shi da baki, ko a gane shi daga yadda mutane suka yi mu'amala. To kai da wannan bawan Allah ba ku rubuta komai ba. Saboda haka abin da naira 40,000 ɗinsa ta saya masa shi ne izinin sa waƙar a fim ɗin da kuka yi magana a kai. Baitocinka da karin waƙarka suna nan a hannunka.

Sai dai akwai tambayar da ba ka amsa a wasiƙarka ba, kuma a kanta rabin shari'ar yake: wa ya biya kuɗin sutudiyo? A idon doka, abin da muke kira waƙa guda ɗaya abu biyu ne. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da kari da kiɗa, waɗanda na wanda ya ƙirƙira ne. Akwai kuma ɗaukar da aka yi, wato sautin da ya fito daga sutudiyo, wanda yawanci na wanda ya shirya ɗaukar ya ɗauki nauyinta ne. Idan ka riga ka buga waƙarka da kuɗinka kafin ya ji ta, kamar yadda na fahimta daga maganarka, duka biyun suna wajenka. Idan kuwa shi ya kai ka sutudiyo ya biya aka sake bugawa, zai iya cewa wannan ɗaukar tasa ce, amma ko a hakan ba shi da ikon hana ka sake rera waƙarka a wani sabon bugu. Hoton bidiyon da jarumi ya hau, wannan nasa ne, kada ka taɓa shi. Idan shi ka ɗora a tasharka, to da gaskiyarsa da ya sa aka sauke.

Cire sunanka kuwa laifi ne mai zaman kansa. Doka ta ba mai ƙirƙira haƙƙin a ambace shi a kan aikinsa, kuma wannan haƙƙi ba ya bin ciniki. Ko da ka sayar masa da waƙar a rubuce da shaidu, ba zai mayar da ita ta jarumi ba. Wannan al'ada ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya kwana uku yana gyara baiti, jama'a su haddace, a ƙarshe a riƙa kiran waƙar da sunan wanda ya motsa baki kawai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga abin da za ka yi. Tun yau ka tara shaidarka. Na taɓa zama da wani mawaƙi da ya shigo ofishina da baƙar leda, a ciki akwai littafin makaranta mai shafi 60 duk ya sha maiƙo, da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. A littafin akwai baitocin da aka soke aka sake rubutawa har sau huɗu, a wayar kuma akwai muryarsa yana gwada karin da daddare, ana jin kukan janareton maƙwabta, da kwanan watan da aka ɗauka. Wannan leda ita ta sa abokin rigimarsa ya sauko aka yi sulhu ba tare da an je gaban alƙali ba. Kai ma ka nemo irin waɗannan: rubutun farko, fayil ɗin sutudiyo, saƙonnin WhatsApp tsakaninka da furodusan, da shaidar kuɗin da ya turo. Ka je wajen mai kiɗan da ya buga maka, ka tabbatar zai tsaya maka shaida.

Daga nan a rubuta masa takarda, gara ta hannun lauya, a nemi ya sa sunanka, ya janye ƙorafin da ya kai YouTube, a kuma zauna a yanke kason da zai riƙa ba ka daga abin da waƙar ke kawowa. Ka sa dattawan sana'a a ciki, ko shugabannin ƙungiyar mawaƙa ko na MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar fim ta Najeriya, domin irin wannan rigima ta fi mutuwa a zaure. YouTube ma tana da hanyar da wanda aka sauke wa abu bisa kuskure zai mayar da martani, amma kada ka cike wannan fom sai ka tabbatar sautin da ka ɗora naka ne, don magana ce da ke iya kaiwa kotu. Idan duk wannan bai yi ba, shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin saurarenta. Kada wani ya ja ka kotun majistare ko ofishin 'yan sanda na unguwa ka ɓata kuɗin mota.

Mutane da yawa suna ce mini ai sun yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Wannan rajistar izinin yin sana'a ce a jihar, ba ta ce waƙa kaza ta wane ce ba. Haƙƙin mallaka yana samuwa ne da zarar ka ƙirƙiri abu ka rubuta shi ko ka ɗauke shi, ba sai da rajista ba. Amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, tana karɓar rajista ta intanet, kuma takardarta shaida ce mai ƙarfi ranar da aka yi musu. Ka kuma shiga MCSN, ƙungiyar da ke da lasisin karɓar wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal masu sa waƙoƙi. Wanda bai shiga ya bayar da jerin waƙoƙinsa ba, babu yadda za a san inda za a kai kasonsa.

Na san abin da ya hana ka neman takarda tun farko: kunya, da tsoron a ce yaro ya raina manya ko bai yarda da su ba. To ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka faɗe ta. Nan gaba ko a takarda guda ce ku rubuta sunan waƙa, fim ɗin da za ta shiga, ko izinin ya haɗa da YouTube da Audiomack da waƙar kiran waya, shekara nawa, nawa aka biya, da yadda za a rubuta sunanka. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi.

TAMBAYA: Barista, ni 'yar amshi ce a Kaduna. Muryata tana cikin waƙoƙi sun fi hamsin. Ana ba ni kuɗin zama a sutudiyo, shi ke nan, ko sunana ba a sawa. Ina da wani haƙƙi?
Daga wata 'yar amshi, Kaduna.

AMSA: Ƙanwata, kina da shi. Dokar 2022 ta san da mai rerawa ko da ba shi ya rubuta ba. Ba a ɗaukar muryarki a yaɗa sai da yardarki, kuma kina da haƙƙin a ambace ki. Amma zan gaya miki gaskiya: waɗanda aka riga aka yi, kin yarda an ɗauka an kuma biya ki, neman ƙarin kuɗi a kansu zai yi wuya. Abin da za ki iya nema yanzu shi ne a sa sunanki a inda aka ɗora su, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da suna ake kiran mutum biki da taro, da suna wani mawaƙin zai nemo ki. Daga yau kafin ki shiga ɗakin ɗauka a yi magana: kuɗin zama nawa, suna a ina, kuma idan waƙar ta ba-ni-in-ba-ka ce da kike ɗauke da rabinta, ki nemi kaso, ba kuɗin zama kaɗai ba. Mawaƙin da ya aiko wasiƙar farko shi ma ya ji wannan, ya duba ko ya sa sunan mai amshinsa da mai kiɗansa a tasa tashar.

TAMBAYA: Mahaifinmu makaɗin gargajiya ne, ya rasu shekara goma sha biyu ke nan. Muna ganin waƙoƙinsa a intanet, mu ba ma samun ko sisi.
Daga wani magaji, Katsina.

AMSA: Allah ya jiƙansa da rahama. Haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, kuma dukiya ce da ake gada kamar gona. Alal misali Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Ɗaukar sauti kuwa shekara 50 ce, kuma tana iya zama ta kamfanin faifai ko gidan rediyon da ya ɗauka, sai ku bincika wa ya ɗauki kowace. Ku fara da zama a gida, magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce, ya samo takardar gado daga kotu. Da ita zai tunkari MCSN da masu tashoshin. Idan kowane ɗa ya tafi shi kaɗai, babu kamfanin da zai saurare ku.