Amsa: Injin jirgin ruwa da tsatsa ta ci, gyara ko sabo?

Malam, ka ce injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ka saya na hannu daga Legas, kana aiki da shi a Yawuri, ga tsatsa ta kama shi. Ruwan Neja ba shi ya yi wannan ɓarna ba, gishirin teku ne tun can.

Kada farin garin da ke jikinsa ya tsorata ka. A kankare, a yi fenti, shi ke nan. Abin dubawa yana ciki. Ka sa bakanike ya cire kan silinda ya leƙa hanyoyin da ruwa ke bi yana sanyaya injin. In gishiri kawai ya toshe su, wanki ne da sabon gasket. In kuwa alminiyon ya zaizaye har ruwa na shiga wajen fiston, to ka haƙura. Walda a wurin nan ba ta cika daɗewa ba, kuma a tsakiyar kogi za ta ba ka kunya, da fasinja a ciki.

Sannan ka tsiyaye man giya. In ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga, galibi ta robar da ke bayan farfela. Wannan gyara ne mai sauƙi muddin haƙoran giyar ba su ci ba. Kusoshin da suka cije kuwa, su ne ke cinye kuɗin aiki in sun karye a ciki.

A ganina, in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin wani mai lafiya, sayar da wannan a matsayin kayan gyara. In ka gyara, ka canza ɗan guntun tutiyar da ke saman farfela, wanda tsatsa ke ci a maimakon injin, kuma kada a shafa masa fenti.