Amsa kan waƙoƙin da ke bayan kaset ɗin Baba

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, ka ce ka tsinci tsohon kaset a kayan Baba, an rubuta "9 to 5", "99" da "3 Times" da biro a bayansa, babu sunan mawaƙi, kana neman sanin masu su da wasu irinsu. Wannan rubutu irin namu ne. Na yi aikin ɗaukar kaset a wani shago a Kaduna cikin shekarun 1980. Takardar bayan kaset ɗin C-90 mai minti 90 ba ta da fili, ga layin masu jira, sai ka ɗora lambar kawai ka wuce, mai kaya ya san abinsa.

Ta farkon ce za ta ba ka wahala, domin waƙa biyu ce ke da sunan nan, kuma kusan tare suka fito a 1980. Ɗaya ta Dolly Parton ce, ta yi ta ne don wani fim mai wannan suna da ta fito a ciki tare da Jane Fonda da Lily Tomlin, kukan mata ma'aikatan ofis ne da suke yini suna wahala, oga yana kwashe yabo. Ɗayar ta Sheena Easton ce, 'yar Sukotland, mace ce tana jiran masoyinta da ke bin jirgin ƙasa da safe ya tafi aiki. Da za a kai ta Amurka sai aka sauya mata suna zuwa "Morning Train" gudun rikici, kuma dukansu biyu sun hau lamba ɗaya a can a 1981. Ka saurari farkon. In ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar ana buga tafireta, ta Dolly ce. Ita da bakinta ta ce da faratanta na roba ta samo wannan kiɗan, tana goga su da juna.

"99" kuwa ba ko tantama "99 Luftballons" ce ta Nena, ƙungiyar Jamus ta Yamma, 1983. Mun sha rawa da ita a bukukuwa ba mu san waƙar yaƙi ba ce. Mai jitarsu, Carlo Karges, ya ga an saki balan-balan a wasan Rolling Stones a Balin ta Yamma a 1982, sai ya ce a ransa, in iska ta haura da su katangar Balin fa, sojojin can suka ɗauka hari ne? Labarin waƙar ke nan: balan-balan 99, janar-janar suka tayar da jiragen yaƙi, aka ƙare da kango. Amurkawa ta Jamusancin suka so har ta kai ta biyu, Ingila kuma ta Turancin, "99 Red Balloons", ta yi ta ɗaya a 1984. Ni dai ta Jamusancin ta fi mini zafi, ko da ba na jin komai a ciki.

Ta ukun "Three Times a Lady" ce, 1978. Kowa zai ce maka ta Lionel Richie ce. Shi ya rubuta, shi ya rera, amma sunan da ke kan faifan Commodores ne, bai bar ƙungiyar ba sai 1982. Wannan ita ce ta samari masu zuwa zance, ba a ɗaukar kaset na soyayya babu ita.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne, a wannan harka wanda ya yi suna da waƙa ba lallai ba ne shi ne mai ita. "Nothing Compares 2 U" duniya ta san ta da Sinéad O'Connor a 1990, alhali Prince ne ya rubuta ta, wata ƙungiyarsa mai suna The Family ta fara sakinta a 1985 ba wanda ya kula. Shi Prince ɗin ne dai mai "1999", wadda ya yi tun 1982. "Mambo No. 5" da Lou Bega ya cika gari da ita a 1999, kiɗan Pérez Prado ne ɗan Kuba na 1949, baiti kawai aka ɗora. Akwai kuma gardamar da na gaji da rabawa: "Three Little Birds" ta Bob Marley ce, tana cikin faifan Exodus na 1977 tare da "One Love", amma mutane na cakuɗa ta da "Don't Worry, Be Happy". Ita wannan ta biyun ta Bobby McFerrin ce, 1988, shekara 7 bayan rasuwar Marley.

In kana son wadda lambar ke da nauyi, nemi "Sixteen Tons". Merle Travis ya rubuta ta, Tennessee Ernie Ford ya ɗaga ta a 1955. Mai haƙar kwal ne yake loda tan 16 a yini, a biya shi da takardar da ba ta aiki sai a kantin kamfanin, kullum bashi na ƙaruwa, har yana cewa ko mutuwa ba shi da damar yi. Wasu kuma lambar wasa ce kawai. Paul Simon ya yi alkawarin hanya 50 a "50 Ways to Leave Your Lover", da na zauna na ƙirga biyar na samu. Bryan Adams mai "Summer of '69" a 1959 aka haife shi, ka lissafa shekarunsa a lokacin da kanka. Ita kuwa "867-5309/Jenny" ta Tommy Tutone, 1981, masu irin wannan lambar waya a Amurka sun ga ta kansu da kiran tsakar dare ana neman Jenny.

Kada ka tsaya kan na Turawa zalla. A 1994 Youssou N'Dour na Senegal ya haɗu da Neneh Cherry suka yi "7 Seconds", shi yana Wolof da Faransanci, ita tana Turanci, kan daƙiƙu bakwai na farkon rayuwar jariri kafin ya san akwai baƙi da fari a duniya. Ta yi mako 16 tana ta ɗaya a Faransa. Lokacin na riga na bar shago, amma sai da na je na sayi nawa da kuɗina.