Kun Tambaya, Mun Amsa: Liang Sicheng da Ganuwar Birnin Beijing

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zanen gine-gine, kuma malaminmu ya ambaci wani Basine mai suna Liang Sicheng, ya ce shi ne uban wannan fanni a ƙasar Sin ta zamani. Na duba ban ga wani babban gini da ya shahara da shi ba. Don Allah me ya yi har ya cancanci wannan matsayi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kin lura daidai, domin gine-ginen da Liang ya zana ba su da yawa. Darajarsa tana cikin abin da ya binciko, da ɗaliban da ya horar, da kuma wata muhawara da ya yi da hukuma wadda bai yi nasara a cikinta ba.

An haife shi a Tokyo a shekarar 1901, lokacin da mahaifinsa, masani Liang Qichao, yake gudun hijira a Japan. Ya yi karatun zanen gine-gine a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka daga 1924 zuwa 1927. Lin Huiyin, wadda ya aura a 1928, tare suka tafi, amma sashen bai karɓi mata ba a lokacin, sai ta shiga sashen fasahar zane tana halartar darussan gine-gine. A 2024 jami'ar ta ba ta shaidar digirin, shekaru da yawa bayan rasuwarta. Ya kamata ki riƙe sunanta, domin yawancin aikin da ake jingina wa mijin tare suka yi shi.

Tun yana Amurka mahaifinsa ya aika masa da wani littafin ƙa'idojin gini mai suna Yingzao Fashi, wanda aka wallafa a 1103 a zamanin daular Song. Kalmomin magina da ke cikinsa sun riga sun ɓace daga bakin mutane, don haka Liang ya ga cewa hanyar fahimtarsa ita ce a nemo gine-ginen zamanin da kansu, a auna su ginshiƙi bayan ginshiƙi. Daga 1932 shi da matarsa da abokan aikinsu suka shiga ƙauyukan arewacin Sin, suna hawa rufin tsofaffin wuraren bauta cikin ƙura da jemagu, suna aunawa suna zanawa. A 1937, a tsaunin Wutai na lardin Shanxi, suka isa haikalin Foguang, inda Lin ta hango wani rubutu a jikin katakon rufi, aka haɗa shi da rubutun wani dutse da ke farfajiya, aka tabbatar da cewa an gina zauren a shekarar 857, a zamanin daular Tang. Kafin nan wasu masanan Japan suna cewa babu sauran ginin katako na wannan zamani a Sin. A cikin waɗannan kwanaki yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, iyalin suka yi hijira, daga bisani suka zauna a ƙauyen Lizhuang na Sichuan, inda ya rubuta tarihin gine-ginen ƙasarsa cikin talauci, matarsa kuma tana fama da tarin fuka.

A 1946 ya kafa sashen zanen gine-gine a Jami'ar Tsinghua, a 1947 kuma ya wakilci Sin a kwamitin masana da suka tsara hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

Muhawarar da na ambata ta taso ne bayan 1949, da Beijing ta zama babban birnin sabuwar gwamnati. A 1950 Liang da masanin tsara birane Chen Zhanxiang suka ba da shawarar a gina ma'aikatun gwamnati a wani sabon fili da ke yamma da tsohon gari, a bar tsohon garin da ganuwarsa da ƙofofinsa da lungunansa, a mayar da saman ganuwar wurin shaƙatawa na jama'a. Hujjarsu ita ce idan aka cusa ofisoshi a tsakiyar gari, dole a rushe gidaje, a tura mazauna zuwa bayan gari, sannan kowace safiya su yi tururuwa zuwa ciki, cunkoso ya zama abin kullum. Masana daga Tarayyar Sobiyat da shugabannin ƙasar suka zaɓi yankin Tiananmen da ke tsakiyar tsohon garin. Ba zan ce ba su da hujja ba, domin ƙasar ta fito daga yaƙi, baitulmali babu kuɗi, kuma tsohon gari yana da tituna da gidajen da za a fara aiki da su nan take. Duk da haka, a ganina Liang ne ya hangi nesa, saboda ya fahimci cewa birnin gaba ɗayansa aiki guda ne, kuma ba ya tsira idan aka ware fada da ƴan haikalai aka rushe abin da ya kewaye su. An rushe ganuwar a hankali cikin shekarun 1950 da 1960, kuma a gurbinta ne titin zobe na biyu da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa suke bi a yau.

Lin ta rasu a 1955, shekarar da aka fara sukar Liang a bainar jama'a bisa zargin ɓarnatar da dukiya wajen ɗora rufin gargajiya a kan sababbin gine-gine. An wulaƙanta shi a lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, wato gangamin siyasar da aka tsananta wa masana a cikinsa, ya rasu a Janairun 1972. A 2004 aka sake gina Yongdingmen, ɗaya daga ƙofofin ganuwar da aka rushe, a 2019 kuma gwamnatin birnin Beijing ta kwashe ofisoshinta zuwa Tongzhou da ke gabas don rage cunkoso. Idan kina son ganin zanensa na kansa, ki nemi hotunan zauren tunawa da Jianzhen, wani malamin addinin Buddha, a birnin Yangzhou, wanda ya tsara bisa salon daular Tang, aka kammala shi a 1973.