Tambayoyi da Amsoshi: Madubin Hangen Nesa na Farauta da Kwanan Daji

Da yake kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, masu zuwa daji kuma sun fara kakkaɓe kayansu, wasiƙun da suka taru a kan madubin hangen nesa sun rinjayi na waya da kwamfuta, saboda haka su za mu duba a wannan makon.

Tambaya: Malam, ni mafarauci ne, kuma na ga wani madubi a intanet an rubuta masa 60x60. Mai sayarwa ya ce yana hango kilomita goma, yana kuma gani cikin dare, ga shi ya fi wanda aka rubuta wa 8x42 araha nesa ba kusa ba. In saya? Daga wani mai karatu a Ningi.

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Babu abin da yake ɓata mini rai a wannan harka kamar waɗannan manyan lambobi da ake bugawa a jikin kayan roba domin a ruɗi mutane. Batun kilomita goma ma abin dariya ne, domin idonka kaɗai, ba tare da ka biya kowa sisi ba, yana hango wata, wanda yake nesa da mu da kusan kilomita 384,000. Abin tambaya shi ne ko madubin zai bambanta maka gada da kututture, a kuma wane nisa.

Lambar farko tana nufin ninkin da madubin yake jawo abu kusa, wato a 8x42 barewar da take nisan mita 400 za ka gan ta kamar tana mita 50. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, kuma ta nan haske yake shiga. Idan ka raba ta biyu da ta farko, za ka sami faɗin ɗigon hasken da yake fitowa ya faɗa cikin idonka. A 8x42 ya zarce milimita 5 da kaɗan, a 10x50 milimita 5 ne cif, amma a 60x60 ɗin da kake zumuɗi milimita 1 ne kacal. Da rana tsaka ƙwayar ido tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, idan duhu ya yi kuma ta buɗe zuwa wajen 7 a wurin matashi, ko wajen 5 a wurin wanda shekaru suka ja. Kai kuwa ka fi ni sanin cewa namun daji da asubahi da almuru suke motsi, daidai lokacin da idonka yake neman haske, saboda haka ɗigon milimita 1 tamkar leƙen ɗaki mai duhu ne ta kafar allura.

Wannan ma idan lambar gaskiya ce, kuma yawanci ba gaskiya ba ce. Ka sa rula ka auna gilashin gaba, za ka ga sau da yawa bai kai 60 ba. Ninkin ma kana iya gwada shi: ka fuskanci katangar bulo, ka leƙa madubin da ido ɗaya, ɗayan idon kuma ka bar shi a buɗe, sannan ka ƙirga jerin bulo nawa na ido zalla suke shiga cikin jeri ɗaya na madubi. Da a ce ninki 60 ne na gaske, ai da ba za ka iya riƙe shi da hannu ba, domin madubi yana ninka rawar hannunka da bugun zuciyarka kamar yadda yake ninka dabbar, kuma idan ninki ya haura 10 hoto yakan fara tsalle sai an ɗora madubin a kan mazauni mai ƙafa uku. Ga kuma ƙuncin fili, domin gwargwadon ƙaruwar ninki, gwargwadon tsukewar abin da kake gani, har zomo ya tsallake ka rasa inda ya shiga. A ƙasarmu kuma akwai kawalwalniya da hazon hunturu, waɗanda babban ninki yake ƙara fito da su.

Game da gani cikin dare, jan fentin nan mai ƙyalli da ke kan gilashin gaba ado ne na kasuwa, hasalima rage haske yake yi, ya mayar da hoto shuɗi-shuɗi. Na'urar gani cikin dare ta gaskiya da batir take aiki, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Haka kuma ka guji masu araha da aka rubuta wa irin 10-30x50, waɗanda ake ƙara musu ninki da ɗan hannu, domin filinsu ƙunci ne, kuma da wuri suke karkacewa. Ni dai 8x42 nake ratayawa, kuma shi nake ba kowa shawara. Wanda farautarsa a fili take, inda babu itatuwa sosai, yana iya ɗaukar 10x42 ko 10x50 idan hannunsa ba ya rawa.

Tambaya: Akwai mai faɗin kafaɗa irin na da, akwai kuma siriri mai miƙaƙƙun bututu biyu. Wanne ya fi? Daga Maraɗi.

Amsa: Ga mai ƙaramin ƙarfi, mai faɗin kafaɗa. Tsarin gilasansa na ciki, wanda ake kira Porro da sunan Ba'italiyen da ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19, ya fi sauƙin ƙerawa, saboda haka a kuɗi ɗaya yakan fi siririn tsabtar hoto, sai dai ya fi shi nauyi, kuma yawancin masu araha ba a toshe su daga ruwa ba. Nikon Aculon A211 misali ne na irinsa, Celestron Nature DX kuma misali ne na siriri wanda ruwa ba ya shiga. Kafin ka biya, ka riƙe madubin nesa da fuskarka, ka fuskanci wuri mai haske, ka dubi ɗigon da ke cikin gilashin ido. Idan da'ira ce cikakkiya, madalla. Idan gefunanta sun dushe sun yi kusurwa huɗu, gilashin cikin mai araha ne.

Tambaya: Malama ce ni, za mu kai ɗalibai Yankari mu kwana biyu. Wanne zan saya wanda ba zai gajiyar da ni ba? Daga Gombe.

Amsa: Malama, 8x32 ya ishe ki, domin ba shi da nauyi kuma filinsa yana da faɗi, yara za su yi saurin gano gwanki ko giwa idan an yi sa'a. Idan kina sa tabarau, ki nemi wanda tazarar idonsa, wato nisan da ido zai iya yi da gilashin yana ganin hoton cikakke, ta kai milimita 15, ki kuma naɗe robar bakin gilashin. Ki ja wa yaran kunne kada kowa ya kalli rana da shi ko da na ƙiftawar ido ne, domin yana iya ƙona ido har abada. Mafarautan da ke karanta wannan shafi kuma su tuna cewa Yankari wurin kallo ne, doka ta hana farauta a cikinsa.

Tambaya: Na sayi na gwanjo, amma abu biyu-biyu nake gani, kaina kuma yana ciwo. Daga Zariya.

Amsa: An taɓa yar da shi, bututun biyu sun daina kallon wuri ɗaya. Ka mayar wa mai shi tun bai tashi daga kasuwa ba. Idan kuwa dishi-dishi ne kawai a ido ɗaya, laifinka ne: ka rufe gilashin dama, ka daidaita na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan ka rufe na hagu ka daidaita na dama da zoben da ke jikinsa.

Tambaya: Wayata tana jawo hoto har ninki 100, me zan yi da madubi? Daga Kaduna.

Amsa: Mafi yawan wannan ninki buɗa hoto ne da ƙirƙirar manhaja, kuma a kwana na biyu a daji, idan caji ya ƙare, sai ka yi hange da baƙin gilashi. Ka ɗora kyamarar wayar a bakin madubi idan hoto kake so.

Tambaya: Gilashina ya yi zane-zane, ciki kuma akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo. Daga Lafiya.

Amsa: Zanen aikin bakin rigarka ne, domin ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma duk gogewa a bushe kankare fentin gilashin take yi. A fara hure ƙurar, a share da burushi mai laushi, sannan a goge da ƙyallen tabarau. Yanar kuwa fumfuna ce, wadda danshin damina ya haifar saboda an kulle madubin a jakarsa yana jiƙe, kuma idan ta daɗe tana cin fentin. Ni nakan tara ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, in zuba uku ko huɗu a jakar madubina. Naka dai sai ka kai wa mai gyaran kyamara ya buɗe, idan kuɗin gyaran bai kai rabin na sabo ba.